Wa Zai Shaidi Azurfa?

A gidajen Tudun Wadar Zariya, maganar tsohuwar azurfa takan taso ne ranar rabon gado. Tsohuwa ta kwanta dama, an buɗe adakarta, an fito da ƙullin tsumma: mundaye biyu masu nauyi da suka yi baƙi ƙirin, zobba, liyari uku ko huɗu a zare, wani lokaci har da cokali ko ɗan kofi wanda babu mai iya tuna ta inda ya shigo gidan. Malamin da zai raba gado ba ya raba abin da ba a san ƙimarsa ba, sai a ce a kai wa maƙeri ya duba. Maƙeri ya ɗora a sikeli, ya goga, ya faɗi kuɗin giram, a sallama, kwana biyu an narke. Ba kasafai ake samun wanda zai juya cokalin ya tambayi ma'anar 'yan ƙananan alamomin da aka buga a bayansa ba, alhali wani lokaci su ne suka fi ƙarfen kansa daraja.

Tushen maganar shi ne azurfa tsantsa ba ta aikatuwa. Taushi gare ta, in aka yi zobe da ita zalla zai lanƙwashe a yatsa. Dole a yi mata gami da tagulla, kuma daga wannan gamin rigima ta samo asali, domin ido ba ya iya raba azurfar da aka sa wa tagulla kaɗan da wadda aka cika mata. Shi ya sa ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a suka tsayar da adadi. A Ingila kashi 925 cikin 1,000 ne, a Jamus 800 ya wadatar, a Faransa akwai 950 akwai 800, a Rasha kuwa 875 ya fi yawa. Galibinsu kuma suka kafa ma'aikata ta musamman da ke gwada kaya kafin a kai kasuwa, in ya cika a buga masa hatimi, in bai cika ba a farfasa shi. Turawan Ingila sun fara wannan da dokar 1300, zamanin Sarki Edward na ɗaya.

Mu a nan ba mu bi wannan hanya ba. Ɗauki munduwa ƙirar Zazzau, ko ta Kano, ko ta Bida, ka juya ta yadda kake so, ba za ka ga sunan maƙeri ko lamba ba. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin koma baya. Ni ban yarda ba. Maƙeran farfaru, wato masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda aka bambanta su da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, suna zaune ne a unguwa ɗaya da masu sayen kayansu, ƙarƙashin Sarkin Maƙera, kuma ɗa ya gaji uba a kan uwar maƙera ɗaya. Wanda ya yi algus ba shi da wurin gudu. Abin da ya fi wannan ma, mai kaya shi ke zuwa da azurfarsa. Mace ta kawo liyari huɗu ta ce a yi mata mundaye, a auna a gabanta, in an gama a sake aunawa. Ba ta buƙatar hatimi a jikin munduwa, domin hatimin yana jikin kuɗin da ta kawo.

Liyari shi ne kuɗin azurfa na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Taresa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu tsohuwar azurfar da ta fi shi yawa a adakokinmu, babu kuma wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, gaminsa 833 cikin 1,000, wato akwai azurfa tsantsa kimanin giram 23.4 a kowane ɗaya. Ta Sahara ya riƙa shigowa, ta hannun fataken Tarabulus da na gabas. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin ɗaya a kan wuri 2,500. A gabansa ga matar da mayafi da ƙugiyar ado a kafaɗa, a bayansa ga mikiya mai kai biyu, ga kuma shekara: 1780.

Wannan shekarar ita ke ruɗin mutane. Sau da yawa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa liyarin kakarsa ya haura shekara 240, ga shaida a rubuce. Gaskiyar ita ce a 1780 sarauniyar ta rasu, amma da yake 'yan kasuwar Larabawa da na Habasha da namu sun saba da wannan siffa, ba su karɓar wata, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ba a taɓa canzawa ba. An buga a Biyana, an buga a Rum daga 1935, an buga a Landan da Faris da Bombai, kuma har gobe Ostiriya na bugawa. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton ma na wasu jami'an gidan buga kuɗi ne na garin Günzburg, mutanen da suka daɗe da zama ƙasa. Ke nan 1780 ba ta gaya maka shekarun abin da ke hannunka, tana gaya maka irinsa ne kawai. Mutanen da sun fi mu sanin haka. Ba shekarar suke dubawa ba, rubutun da ya kewaye bakin kuɗin suke shafawa don su ji ko an kankare gefen, kuma a Habasha da Yaman har ƙwayoyin adon kafaɗar ake ƙirgawa, in sun goge a ƙi karɓa.

Ita Tudun Wada unguwar zamanin Turawa ce, an kafa ta tsakanin Birni da Sabon Gari don baƙi 'yan Arewa, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso kuma kuɗin Nasara ya fara korar wuri. Saboda haka azurfar da ta fi shiga zugazugan maƙeranta ita ce sule da fataka. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fara fitar da su a 1913, da gami 925 daidai da na Ingila. Sule giram 5.66 ne, mai hoton bishiyar kwakwar manja, fataka kuma ninkinsa. Wanda ya duba da kyau zai ga ɗan ƙaramin harafi H a wasunsu, alamar kamfanin Heaton na Bamingham da ya buga. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo, sai aka janye ta, daga 1920 aka koma buga sule da tagulla mai ruwan ɗorawa. Kuɗin Ingila kansa ya sauko zuwa rabi da rabi a shekarar, daga 1947 kuma babu azurfa a cikinsa ko ƙwayar zarra. Duk wanda ya san waɗannan shekaru uku ya riga ya san rabin abin da ke cikin tsohuwar munduwa.

Daga ranar da kuɗi ya daina zama azurfa, shaidar da muka dogara da ita ta ɓace, kuma ba mu kafa wata a gurbinta ba. Abin da ya cike gurbin shi ne lambar 925 da ake gani a cikin zobban tsarabar Makka da na Dubai da na kasuwar Sabon Gari. Da yawansu na gaske ne. Amma lambar ita kaɗai da'awar mai sayarwa ce. Ƙarfen buga ta ana sayar da shi kamar ƙusa, kuma babu wani ofishi a Zariya da ake kai zobe a gwada kafin a buga masa. Mutum ya yi wa kansa shaida ke nan. A gaban alkali kuwa ba a karɓar mai ƙara a matsayin shaidar kansa, sai ya kawo wasu, su ma sai bakinsu ya zo ɗaya. Haka ake karanta hatimin azurfa na ƙwarai: alamomi da yawa ne, daga hannaye daban-daban, kowace tana gaskata 'yar'uwarta.

Na Ingila shi ya fi saurin zuwa hannunmu, ta kayan da Turawan mulki da na kamfanoni suka bari. Zaki mai tafiya yana nufin 925. Kan damisa Landan ke nan, ƙugiyar jirgin ruwa Bamingham, kambin sarauta Shefil (kafin 1975), sannan harafi guda mai nuna shekara, da haruffan sunan maƙeri. Tarkon da ke nan shi ne haruffa huɗu, EPNS. Duk farantin shayi ko cokalin da ke ɗauke da su farin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan azurfa, kuma masu ƙera su sun iya jera alamomi a cikin 'yan akwatuna don mai kallo daga nesa ya yi wa rogo kallon kitse.

Tsarin Rasha ya fi kowanne daɗin karatu, ya kuma fi kowanne shan jabu. Kayan Rasha ba su da yawa a ƙasar nan, amma akwai su. Ɗalibanmu sun yi karatu a Tarayyar Sobiyet tun daga shekarun 1960, wasu sun dawo da mata, Rashawa sun zauna a Ajakuta bayan kwangilar masana'antar ƙarafa ta 1979, ga kuma kayan gwanjo da na intanet. Rashawan da can ba su ƙirga gami da dubu ba. Suna da ma'auni mai suna zolotnik, giram 4.27, kusan daidai da miskalin da muka sani, kuma 96 ɗinsa ke cika fam ɗaya nasu. Lambar da ake bugawa tana faɗin zolotnik nawa ne azurfa tsantsa cikin 96. In ka ga 84, raba da 96, ka sami 875. In 88 ce, 916 ke nan, 91 kuma ta kusa 948. Na sha jin ana cewa 84 shekarar ƙira ce, wai 1884 ko 1984. Ba shekara ba ce.

A ce ga cokali na ƙarni na 19 a hannunka. Juya shi, kai kyamarar waya kan siririn wuyansa, ka ƙara girman hoton. Za ka ga alamomi huɗu a jere. Ta farko haruffa biyu ko uku na rubutun Rasha, sunan maƙerin. Ta biyu wasu haruffan ne da layi a ƙarƙashinsu, a ƙasan layin kuma shekara cikakkiya, misali 1876: wannan shi ne jami'in gwaji na gwamnati da shekarar da ya gwada. Ta uku 84. Ta huɗu alamar gari: mahayin doki yana soke dodo da mashi, Mosko ke nan, ƙugiyoyin jirgi biyu a gicciye da sandar sarauta a tsakiya kuma San Fitasbag. Tsarin ya faro ne daga dokar Sarki Bitrus Mai Girma ta 1700, kuma da yake sunayen jami'an gwaji da garuruwansu da shekarun aikinsu duk a rubuce suke, masu bincike kan iya cewa wane ya yi aiki a Mosko daga shekara kaza zuwa kaza. In haruffansa suka fito tare da alamar wani gari, ko da shekarar da bai kama aiki ba, magana ta ƙare.

A 1899 aka sauya. Aka daina buga shekara da alamar gari, aka kawo alama guda ga ƙasa baki ɗaya: kan mace sanye da kokoshnik, abin adon ka mai tudu na matan Rasha. Daga 1899 zuwa 1908 tana fuskantar hagu, da haruffan jami'in gwaji a gefenta. Daga 1908 ta juya dama, aka sa harafin Girkanci mai nuna yanki, alfa na San Fitasbag, delta na Mosko. Gwamnatin Sobiyet ta koma lissafin dubu a 1927, da kan ma'aikaci riƙe da guduma, sannan a 1958 ta kawo tauraro mai lauje da guduma a ciki, tare da 875 ko 916. Galibin abin da ɗalibanmu suka dawo da shi na wannan zamani na ƙarshe ne, in ma azurfar ce. Mariƙin kofin shayi mai kyan zane da ake ajiyewa a kabet, in ka ga haruffa uku МНЦ a gindinsa, to tagulla ce da nikel da tutiya, babu azurfa a jikinsa sai in an shafa.

Sai manyan sunaye: Sazikov, Ovchinnikov, Khlebnikov, Grachev, da uban tafiya Fabergé, wanda gidansa ya fara a 1842 aka rufe shi a 1918. Waɗanda suka yi wa fada aiki sun sami izinin ƙara mikiya mai kai biyu kusa da sunansu (ba ta liyari ba ce, kama ce kawai, sarautun biyu kowace da tata). A kayan Fabergé na San Fitasbag akan sami haruffan shugaban maƙerar da ta yi aikin, irin su Mikhail Perkhin wanda ya rasu a 1903 da Henrik Wigström da ya gaje shi. Wannan kaɗai ya isa kama maƙaryaci: haruffan Perkhin tare da kan mace mai kallon dama ba za su taɓa haɗuwa a abu na gaskiya ba, domin mutumin ya yi shekara biyar a kabari kafin a fito da wannan alama. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: duk wanda ya zo maka da Fabergé a leda, da labarin wani Bature da ya mutu ya bari, ka riƙe kuɗinka.

Masu jabu sun kasu. Akwai wanda zai zuba sabon abu a kwatancen tsoho, sai alamar ta fito tare da zubin, gefunanta a dasashe kamar an lasa, saɓanin wadda aka buga da ƙarfe, mai kaifin baki, wadda takan ɗan tura ƙarfen ta ɗaya fuskar. Akwai wanda zai yanko wuyan cokali na gaske mai hatimi ya liƙa a gindin babbar buta. In ka hura masa numfashi, layin liƙin yakan bayyana a cikin raɓar. A dokar Rasha kowane ɓangare da ke rabuwa sai an buga masa alama, murfi da nasa, jiki da nasa, don haka murfin da ba shi da komai abin tambaya ne. Rubutun ma yakan tona asiri, domin a 1918 an soke wasu haruffa daga rubutun Rasha, kuma mai kwaikwayon da bai san haka ba yakan rubuta sadaukarwar 1890 da ƙa'idar da ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Duk da haka, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan maƙerinmu ya fi takarda. Ka zauna a rumfarsa ka gani. Zai fara jinjina munduwar a tafin hannu, ya sake ta kan uwar maƙera ya kasa kunne: azurfa tana da amo mai tsawo, dalma kuwa ƙaf take yi ta yi shiru. Ya kai mata maganaɗisu. Ya ɗauki magagari ya ɗan ci ta ciki, inda ba a gani, don ya wuce shafen sama, ya ɗiga ruwan gwaji. In wurin ya yi fari kamar madara, ya gyaɗa kai. In ya yi kore yana tafasa, ya miƙa wa mai ita ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kwalliya ce kawai." Maganaɗisu shi kaɗai ba hujja ba ne, domin tagulla ma ba ta kama shi. Akwai kuma gwajin da kowa zai iya a gida da ƙaramin sikelin lantarki: auna abin, sannan ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri, ka rataya abin da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ba, ka raba nauyin farko da abin da sikeli ya nuna. Azurfa mai kyau takan ba da 10.2 zuwa 10.4, farin ƙarfe bai kai 9 ba. Abu mai rami a ciki ba ya gwaduwa haka.

Sai dai magagarin nan da ke ceton mai saye shi ke kashe darajar tsohon abu. Cokalin Mosko mai baƙin zane, in aka ci masa jiki aka ɗiga masa ruwa, aka kuma goge shi da toka har alamominsa suka shafe, ya koma kuɗin giram. Akwai kuma dalilin addini da ke hanzarta narkewar: malamai sun haɗu a kan cewa ba a ci ba a sha da kwanon azurfa ko na zinariya, to iyalin da suka gaji cokali ba su ga amfanin ajiye shi ba, gara a mayar da shi zobe, wanda ya halatta har ga namiji. Ba ni da ja a kan hukuncin. Abin da nake cewa shi ne hakkin magada ma hukunci ne, kuma sayar da abin dubu ɗari a kan dubu goma saboda gaggawa cin dukiyar maraya ne da hannun waliyyinsa. Sanin gami yana shiga har lissafin zakka: nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato liyari 26 in azurfar da ke cikinsu aka ƙirga. Musayar tsohuwar azurfa da sabuwa kuma sai nauyi ya yi daidai, hannu da hannu.

Maƙeran Buzaye na Agadas, waɗanda kasuwarsu ta fita waje tun da masu yawon buɗe ido suka fara zuwa, da yawansu yanzu suna zana sunansu da rubutun Tifinag a bayan abin da suka ƙera, domin mai saye a Faris ba zai iya zuwa ƙofar gida ya yi ƙorafi ba. Namu ma sun shiga wannan hali ba su ankara ba: zoben da aka ƙera a Tudun Wada yau, ta waya ake cinikinsa, gobe yana Abuja ko Legas a hannun wanda bai taɓa ganin maƙerin ba. Ƙungiyar maƙera ta gari ɗaya za ta iya farawa da littafi guda, a rubuta sunan kowa da alamarsa, a ajiye sikeli da ruwan gwaji a hannun mutum biyu da aka yarda da su, alamar maƙeri daban, ta masu gwaji daban. Kafin a kai can, duk wanda rabon gado ya faɗo a kansa ya ware kayan gida biyu. Mundaye da zobban da ba su da alama a kai wa maƙeri ya gwada. Duk abin da ke da alama fiye da ɗaya a jere kuwa, a ɗauki hotonsa da kyau, gaba da baya, a nuna wa wanda ya iya karantawa, kada a bari magagari ya taɓa shi tukuna.